Miyar Kukar da Na Yi wa Yaya Auwalu a Ulaisha

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tunda duk wanda ya san ni a Rigasa ya san magana ba ta kwana a cikina. Ni Nazifi, da hannuna na dama, na taɓa zuba hodar iblis a miyar kuka. Ba mugunta ba ce, na ɗauka kanwa ce. Duk wanda na ba labarin nan sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, ni ma in taya shi, don na iya ba da shi da hannu da ƙafa. Sai dai kullum a wajen dariyar nake tsayawa. Yau zan kai shi ƙarshe.

Na sauka Riyad ina da shekara goma sha bakwai a wajen Umma, ashirin da biyu a wajen fasfo. Ejan ɗin da ya yi min hanya ne ya ƙara min biyar ɗin, kuma a duk abin da ya yi min alkawari su kaɗai na gani. Ya ce a babban kanti zan yi aiki, cikin sanyin na'ura, ina jera turare ina gaisawa da 'ya'yan attajirai. Umma ba ta damu da turare ba. Magana ɗaya ta yi min.

"Ka nemo min yayanka. Ka gan shi da idonka, ba a hoto ba. In lafiya yake, to alhamdulillahi. In ba lafiya ba, ka turo min shi gida."

Yaya Auwalu shi ne babbanmu, ni ne auta. Shekara shida rabonsa da gida. Direba ne a gidan wani babban ma'aikaci a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, na wata ƙasa da ba zan ambata ba. Umma kuwa ta daɗe da ƙara masa girma, duk layinmu an san shi da direban jakada. A shekarar ƙarshe kiransa ya ja baya, sai hoto jefi-jefi, shi ma daga nesa, kamar mai gudun kamara.

Ta haɗa masa saƙo: garin kuka, daddawa, yaji, da kanwa dunƙule guda kamar kan jariri. Ta ce tun yana yaro ba ya sake jiki ya ci tuwo sai da miyar kukarta, in yi masa yadda ta koya min, in kuma ɗauko mata hotonsa yana ci.

A filin jirgi wani jami'i mai gajeren gemu ya buɗe jakata. Daddawa ya fara kwancewa. Ya ja da baya taku uku, karen da ke shinshina kaya kuwa na rantse sai da ya nemi hutun rana. Da ya kai kan kanwa sai fuskarsa ta canza. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya kira wani, wanin ya kira wani. Kafin in ce wani abu ina cikin wani ɗaki mai sanyi ba takalmi. Larabcina a lokacin bai wuce na sallah ba, don haka da hannu na yi bayani. Na kafa tukunya a iska, na hura wuta, na kaɗa miya, har na ɗanɗana na gyaɗa kai. Ba wanda ya yi dariya. Suka kankari kanwar Umma suka ɗiga mata wani ruwa, suka zuba mata ido kamar za ta yi magana. Bayan awa uku suka miƙo min kuka da daddawa da sauri, kanwar kuma suka jefa a kwandon shara.

Na fito ina ta mita a raina. Wane irin mutum ne bai san kanwa ba? Ai duk mai ido ya san bambancin kayan miya da kayan maye. Ku riƙe min wannan maganar tawa.

Babban kantin turaren da aka ce, masana'antar kwali ce a Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu, inda ba ka ganin komai sai bango da manyan motoci. Kafilina, wato mutumin da ya ɗauki nauyin zamana, ya karɓi fasfona tun a ƙofa ya ce zai adana min. Har yau ban ga mai adana irinsa ba. Mu takwas ne a ɗaki, ni kaɗai ne Bahaushe. Kwali yana yanka fiye da reza, a makon farko yatsuna suka koma kamar an yi musu tsagar gado. Wani ɗan Bangaladash da ke gadon sama, Rafiƙ, shi ke naɗe min su da filasta, ya miƙo min shayi mai madara yana cewa "mafi mushkila", wai ba damuwa. Akwai damuwa, amma shayin yana da daɗi. Wata uku na yi ban fita ba kafin iƙamata ta fito, katin zaman da in babu shi ko ƙofar masallacin unguwa kana tsoron ɗan sanda. Kayan Umma suna ƙarƙashin gadona, daddawa tana yi wa 'yan ɗakinmu hidima ba su roƙa ba.

Juma'a kaɗai muke hutu. Juma'ar farko na nufi Unguwar Ofisoshin Jakadanci da sabuwar rigata. Mai gadi ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi gidan wa na zo. Na ce gidan jakada. Ya ce wanne. Ashe jakadu sun fi 'yan acaɓan Rigasa yawa. Ya nuna min hanyar da na fito da yatsa ɗaya.

Sai na koma Baɗ'ha, kasuwar tsakiyar gari, inda bayan sallar Juma'a za ka ji Hausa tana tashi tsakanin shagunan waya. Ranar da na fara jin wani ya ce "kai, bar nan" sai da hawaye ya zo min. Amma duk wanda na ce wa ni ƙanin Auwalu direba ne, sai ya tuna yana da uzuri. Juma'a ta uku wani dattijo mai farin gemu ya tsaya yana kallon kunnuwana.

"Waɗannan kunnuwa na san su. Kai ne autan su Auwalu?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ci abinci?"

Sunansa Malam Isufu, mutumin Maraɗi, kuku ne da ya tsufa a gidajen ma'aikatan jakadanci. Sai da ya saya min shinkafa da kaza, ya zauna ya ga na cinye, sannan ya ce in dawo Juma'a mai zuwa zai kai ni. Na ce ai da saƙo ma zan zo. Ya ce, "To, zo da shi," yana kallon wani waje.

Unguwar Ulaisha, inda ya kai ni, ba ta da nisa da Baɗ'ha. Wani tsohon bene muka hau, hawa huɗu, har kan rufi inda tankunan ruwa suke. A gefensu akwai ɗaki ɗaya da aka yi da bulo ba filasta. Malam Isufu ya ƙwanƙwasa ya fi sau goma. Muna jin motsi a ciki, ana buɗe wani abu ana rufewa. Can aka buɗe.

Yayan da na sani ƙato ne, yana ɗaga ni da hannu ɗaya ya ɗora a kan katanga in na yi rashin ji. Wannan da ya buɗe ƙofa, da na hura masa iska da ya koma ciki. Leɓɓansa sun tsage sun yi baƙi, babban yatsansa ya ƙone kamar na mai gasa masara. Ya rungume ni, na ji haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Auta. Kai ne ka yi wannan tsawon? Wa ya ba ka izini?"

"Yaya, kai wa ya ba ka izinin ramewa?"

"Gyambon ciki ne. Ga azumin nafila."

Na yarda, don ina so in yarda. A ɗakin babu komai sai katifa, da ƙaramin murhun gas, da tukunya biyu, da wani katako da aka kafa a bango aka jera gwangwanaye. Yana magana yana leƙen taga. Ya tambayi lafiyar Umma sau uku, bai tsaya jin amsa ko sau ɗaya ba. Na lura so yake mu tafi, sai na ƙara baje kayana. Na ce yau sai ya ci tuwo da miyar kukar Umma, umarni ne daga sama. Na tuƙa tuwon semo, na ɗora ruwan miya da daddawa. Ana cikin haka aka kira la'asar.

"Tashi mu je, Auwalu," in ji Malam Isufu.

"Baba, ku yi gaba, zan biyo ku."

"Tare za mu."

Ya kama hannunsa kamar na yaro. Yaya ya waiwayi katakon nan sau biyu kafin ya fita. Ni kuwa na ce zan tsaya gadin tukunya, wanda ko a gida da shi nake kauce wa jam'i.

Ina neman gishiri na buɗe wani gwangwanin madara. Sai ga ƙulli uku a farar leda, an ɗaure bakinsu tsaf yadda tsofaffin layinmu ke ƙulla kayan miya. Cikin kowanne akwai 'yan duwatsu farare da suka ɗan yi ruwan ƙasa. Na yi tsalle. Na ce Allah mai iko, abin da aka ƙwace min a filin jirgi ga shi ya mayar min a kan rufi. Har na yaba wa Yaya a raina, na ce duk da zaman Saudiyya bai manta da asali ba. Na kwance duka ukun na watsa.

Kanwar kirki in ta shiga ruwan zafi takan taso da kumfa. Wannan narkewa ta yi, ta bar wani maiƙo yana yawo a sama. Na ce ta Larabawa ce, ba ta da zuciya. Na kaɗa kuka, na ɗanɗana. Ɗaci ya fara zuwa, sannan harshena ya tafi. Ina nufin ya tafi gaba ɗaya, na taɓa shi da yatsa na ji kamar harshen wani ne aka ba ni aro. Na ƙara yaji.

Da suka dawo, Yaya bai ko cire takalmi ba ya nufi gwangwanin. Ya buɗe, ya kifa shi, ya girgiza.

"Auta, ina abin da ke cikin nan?"

"Kanwar? Ai tana miya." Da mataccen harshe na faɗa, ina murmushi, ina jiran yabo. Har na fito da waya don hoton Umma.

Ya dube ni, ya dubi tukunya. Sai ya sunkuya ya ɗauke ta daga kan wuta da hannu, ba tsumma, ya kafa kai. Na ɗauka wasa ne irin nasa na da, sai na danna hoto ina dariya. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Tukunya ta rufe rabin fuskarsa, ba a ganin ramar.

Bai sauke ba. Miya tana tafasa yake sha, tana zubo masa a gemu da riga. Ya durƙusa, ya sa yatsa yana kankare gindin tukunya, ya lashe ludayi, ya tsince ledojin nan uku daga ƙasa ya lashe su ɗaya bayan ɗaya. Yana yi yana kuka, irin kukan da ba sauti. Da ya ga ba saura sai ya taso ya shaƙe min wuyan riga ya haɗa ni da bango.

"Agogona na bayar. Agogon Baba na bayar da safen nan, kai kuma ka zo ka yi min miya da shi."

Agogon mahaifinmu ne, wanda aka ba shi ranar da aka raba kayan marigayi. Malam Isufu ya ɓamɓare hannunsa daga wuyana, ya tura ni waje. Tuwon yana nan a kwano, ba wanda ya taɓa.

A kan matakala dattijon ya zauna, ya ce in zauna.

"Ka san hodar iblis?"

"A rediyo."

"To ita ce, an dafa ta ta zama dutse. Turawa kirak suke ce mata. Hodar ta masu kuɗi ce, shaƙa suke yi. Sai wasu a Amurka, tun ina saurayi, suka gano yadda za a mai da ita 'yan duwatsu a sayar wa talaka kaɗan-kaɗan, ya ƙona ya zuƙi hayaƙin. Unguwannin baƙaƙen fata ta fara cinyewa. Na yi aiki a Legas, na ga lokacin da ta iso. Ta ƙasashenmu ake wucewa da hodar zuwa Turai, kuma duk inda aka sauke kaya aka sake ɗauka, sai wani abu ya zube."

"To a nan fa, Baba? Ƙasar da aka tsare ni awa uku a kan kanwa?"

"Jakarka ce ake buɗewa. Akwai jakunkunan da ba a buɗewa. 'Yan garin nan ƙwaya suka fi sha, dutsen nan bai yi yawa ba, sai a wasu gidaje masu dogon bango. Yayanka a irin gidan ya yi aiki."

Ya ce ɗan maigidan ne ya dawo daga karatu a waje da abin. Yaya ke tuƙa shi, ya jira shi a mota, gilashi a rufe, yaron yana zuƙa a kujerar baya. Wata rana ya miƙo masa ya ce ɗanɗana, direba, ka ga yadda ake tuƙi ba gajiya. Da uban ya gane, a mako guda aka sa yaron a jirgi zuwa wani asibiti mai lambu a ƙasarsu. Yaya kuma aka kore shi, aka kai rahoto cewa ya gudu daga aiki. Tun daga nan ba shi da takarda. Mota yake wankewa a bakin titi.

"Abin da ya sa na kawo ka," in ji Malam Isufu, "masu sayar masa sun fara cewa ya riƙa kai musu saƙo, tunda ya san hanyoyin gari. Wanda aka kama yana sha, kurkuku ne da bulala. Wanda aka kama yana rabawa, ana iya kai shi ga takobi. Ka fitar da shi daga ƙasar nan, ɗana. Ni na yi magana har na gaji."

A motar komawa na tura wa Umma hoton. Kafin in isa masana'anta ta turo murya tana dariya tana kuka. "Ka gani ko? Na gaya maka. Har tukunya ya ɗaga, ɗan nema."

Juma'ar da ta biyo baya Yaya ya ba ni haƙuri, ya ce shaiɗan ne. Sannan ya kama hannuna biyu.

"Kada Umma ta ji. Ka rantse."

Na rantse. Daga nan na zama mai shirya fim. Umma ta ce tunda an gan shi, kowace Juma'a sai an kira ta ta bidiyo. Mukan ari farar jallabiyar Malam Isufu, in cusa wa Yaya tawul a ciki da kafaɗu, in shafa masa man kaɗanya a leɓe, in ce ya sa hannu a aljihu. Sai mu sauka titi mu nemi motar da ta fi kowace sheƙi ya jingina da ita. Wata rana mai motar ya fito muna tsaka da gaisuwa, Yaya ya buɗe masa ƙofa da ladabi har da sunkuyawa, mutumin ya shiga yana mamaki, Umma kuwa ta ce a gaida jakada. Ranar mun yi dariya har muka zauna a bakin kwata. In yana cikin hankalinsa ba wanda ya kai Yaya ban dariya, a wajensa na koya.

A irin wannan ranar na tambaye shi, "Wai daɗin nan minti nawa ne?"

"Kafin ka gama alwala ya wuce."

"To don me?"

"Ka san ƙishirwar azumi da azahar a garin nan? To ka ɗauka kana da ruwa a hannu, amma duk kurɓar da ka yi ƙara ta take yi. Kuma ka sani. Kuma sai ka kurɓa."

Bayan mako biyu da wannan hirar ya sayar da takalmina ina cikin sallah. Na koma masana'anta da silifas ɗin banɗakin masallaci, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya ja. Rafiƙ ya duba ya ce mafi mushkila.

A shekarar ne gwamnatinsu ta yi afuwa, ta ce duk marar takarda ya fito ya tafi ƙasarsu ba tara ba ɗauri, cikin 'yan watanni. Na ruga Ulaisha da labari kamar ni na sa hannu a dokar. Yaya ya ce ba inda za shi.

"In koma da me? Shekara shida, in sauka Rigasa da leda a hannu? Direban jakada?"

"Ka koma da wuyanka."

"Kai yaro ne."

"Fasfo ya ce ashirin da biyu." Na fito da waya. "Yaya, ko ka je ka yi layin takardar fita, ko yanzu in kira Umma ba tawul, in ce ka fito da hannunka daga aljihu."

"Ka rantse fa."

"Zan yi kaffara. Azumi uku ne, na iya."

Ya zage ni zagin da ban taɓa ji a bakinsa ba, har da cewa da ma a filin jirgi aka riƙe ni tare da kanwar. Amma ya je. Malam Isufu ya ɗauki hutu ya raka shi layi kwana uku a rana. Hausawan Baɗ'ha, waɗanda da suke tuna uzuri in na ambaci sunansa, su suka yi karo-karon tikiti. Wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya, da ban ma san sunansa ba sai Ustaz, ya kawo akwatinsa ya cika da dabino da carbi da ruwan zamzam da abaya biyu, ya ce ba a dawowa daga ƙasa mai tsarki ba tsaraba. Kwana biyar na ƙarshe Malam Isufu ya kulle Yaya a ɗakinsa, ya rataya mabuɗi a wuya. Ya ce Yaya ya roƙe shi da Allah, ya roƙe shi da Annabi, ya zage shi da Hausa da Larabci, sannan ya yi barcin kwana biyu.

Ranar tafiya na roƙi rabin yini a wajen aiki. A filin jirgi, a bakin layi, Yaya ya ja kunnena.

"Alkawari yana nan?"

"Yana nan."

"Tuwon nan naka ma gudaji ne da shi. Na gani."

Da jirgin ya tashi na yi rawa a wajen ajiye motoci har wani ɗan sanda ya tambayi iƙamata. Na gaya wa Malam Isufu cewa ni Nazifi na kayar da shaiɗan a ƙasar Larabawa da silifas kala biyu. Bai yi dariya ba, ya ce Allah ya sa. A tunanina abin a Riyad yake, a bayan dogayen bangon nan. Mu a Kaduna maganin tari muka sani, da ƙwaya, da sholisho. Wa zai kai dutsen Amurka Rigasa?

Wata biyu Umma tana turo murya mai daɗi. Ya yi ƙiba, yana cin tuwo kwano biyu, har wani mai gidan burodi ya ba shi motar rabo. Sannan muryar ta fara canzawa. Dutsen guga ya ɓata. Tukunyar gas ta ɓata. An karɓe motar burodi. Kan keken ɗinkinta, wanda da shi ta ciyar da mu tun rasuwar Baba, ya ɓata ranar da ta je suna. Kullum sai ta ce ɓarayi sun yi yawa a layin.

Na kira abokina Sagir, wanda muka tashi tare, na yi ta kewaye-kewaye kafin in tambaye shi ko ya taɓa jin wani abu wai shi dutse.

"Kai a Saudiyya kake ko a rami? Ai ya kwana biyu da shigowa. Can bayan layin dogo ake sayarwa, har ƙananan ƙulli ake yi don yara su iya saya. Yayanka ma ina ganinsa a wajen, na rasa yadda zan gaya maka."

Ashe dutsen ya riga Yaya isa gida. Duk layin nan da aka yi cikin rana, da karo-karon, da mabuɗin wuyan Malam Isufu, mun ɗauke shi ne daga inda abin ke wuyar samu muka kai shi inda ake zuwa da ƙafa.

Ranar na karya rantsuwa. Na kira Umma na faɗa mata komai, ban da miyar. Ta bari na kai ƙarshe.

"Nazifi, tawul ɗin da kuke cusa masa a riga, kana tsammani ban gani ba? Ɗinki nake yi tun ba a haife ka ba. Na san inda kafaɗar mutum take tsayawa."

"To me ya sa ba ki ce komai ba, Umma?"

"Ku kuna ƙoƙari. Na ce bari in bar ku."

Ta kai shi asibiti, ya gudu. Kawunmu ya kai shi wajen wani malami a ƙauye, ya dawo bayan sati uku, kwana uku da dawowa ya koma bayan layin dogo. Na roƙi kafilina fasfona ya ce kwangila ba ta ƙare ba. Wata goma sha ɗaya da komawarsa aka tsinci Yaya Auwalu a wani kango da hantsi, zuciyarsa ta tsaya. Shekararsa talatin da ɗaya. Ina bakin injin kwali aka yi masa sallah.

Bayan addu'ar bakwai Umma ta kira ni. Ta ce abu ɗaya take so in gaya mata tsakanina da Allah.

"Miyar nan da ya ɗaga tukunya yana sha. Ita ma shiri ne irin na tawul, ko daɗinta ya ji?"

Na ce, "Ba shiri ba ne, Umma. Har gindin tukunya ya kankare."

Ta ce alhamdulillahi. Ta kai hoton aka wanke mata, aka sa a gilashi. Na dawo gida bayan shekara biyu na same shi a rataye a ɗakinta, saman inda keken ɗinki yake a da. Yana nan har yau, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa.